Muhawara kan sauya ƙananan tayoyin ƙarƙashin babur ɗin ƙanƙara

Baban Khadija, Timmins

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan na'ura, domin na shiga aikin da na ɗauka na awa ɗaya ne, ga shi yau kwana uku babur ɗin yana rataye a gareji. A ƙarshen sanyin bara na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu daga wani abokin aikina, kuma na hau shi 'yan makonni kafin dusar ta narke ban ji komai ba. Bana da na fito da shi a fitar farko, sai na riƙa jin wani gurnani daga ƙarƙashin wurin zama, wanda yake ƙaruwa idan na ƙara gudu. Da na dawo gida na ɗaga bayansa na duba gadon ƙasa, wato dogayen alminiyam ɗin nan biyu da bel ɗin tafiya yake zagayawa a kansu, sai na tarar ɗaya daga cikin ƙananan tayoyin tsakiya robarta ta ɓare kusan rabi, wata kuma a ɗaya gefen idan na juya ta da hannu tana ƙara kamar an zuba mata yashi.

Na ɗauki wadda ta ɓare na je wani shago, mai shagon ya dube ta da ido ya miƙo mini sababbi guda biyu, na biya na dawo. Da na zo sawa sai ramin tsakiyarsu ya ƙi shiga sandar da tayar take hawa, ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Ban da wannan, akwai taya biyu da suke kan wata sanda da ta ratsa tsakanin dogayen, na kwance notin gefe ɗaya lafiya, amma na ɗaya gefen sai juyawa yake tare da sandar gaba ɗaya. Tambayoyina uku ne. Yaya ake gane tayar da ta dace? Yaya zan kwance wannan notin ba tare da na lalata sandar ba? Kuma shin in sauya waɗanda suka lalace kaɗai, ko in sauya duka tun da na riga na buɗe wurin?

Kawu Bakanike, Winnipeg

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Allah ya sa a gama lafiya. Bari in fara da tambayarka ta farko, domin kuskuren da aka yi maka a shago shi ne wanda na fi gani tun da na fara taɓa waɗannan babura. Ba a sayen wannan taya da ido. Taya biyu za su yi kama da juna kamar tagwaye, amma boris ɗin da ke cikinsu ya bambanta, kuma boris shi ne asalin maganar.

Ka goge gefen boris ɗin tsohuwar tayar da tsumma, za ka ga lamba a jikin robar da ta rufe shi. Lambobin da aka fi samu a waɗannan tayoyi su ne 6205 da 6004, wasu kuma 6005. Lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15. Lamba 6004 raminsa milimita 20, wajensa 42, kaurinsa 12. Shi kuwa 6005 raminsa 25 ne kamar na farkon, amma wajensa 47, kaurinsa 12. Daga bayaninka ina kyautata zaton sandarka ta milimita 25 ce, aka ba ka taya mai 6004. Idan da akasin haka ne, wato sandar ta 20 ce tayar kuma mai ramin 25, da akwai ɗan bushin da ake sawa a cike gurbin, kuma tayoyi da yawa na kasuwa suna zuwa da shi a cikin leda. Amma ƙaramin rami ba shi da magani sai mayarwa.

Waɗannan lambobi ba na kamfanin babur ba ne, na duniya ne baki ɗaya. Boris 6205 da na riƙa sawa a injin markaɗe da ƙananan injuna lokacin da nake aiki a Kano, shi ne dai wannan da ke ƙarƙashin babur ɗinka, girmansu ɗaya. Abin da za ka kula da shi kawai shi ne haruffan ƙarshe. Ka nemi mai 2RS, wato mai murfin roba gefe biyu. Mai ZZ murfinsa na ƙarfe ne, yana tare ƙura amma ba ya tare ruwa, kuma wannan wuri kullum cikin dusa mai narkewa yake.

Bayan boris sai ka auna abu biyu. Na farko faɗin tayar daga baki zuwa baki, kuma ka auna wadda robarta ba ta ɓare ba, ka tuna cewa tsohuwa ta ci, saboda haka za ta gaza girmanta na asali da milimita biyu ko uku. Na biyu, ka kwantar da tayar a kan tebur ka duba ko boris ɗin yana tsakiyar kaurinta ne ko ya karkata gefe ɗaya. Wannan karkata tana da muhimmanci, domin a cikin bel akwai layukan ƙullutun roba da haƙoran gaba suke kamawa su ja shi, kuma an tsara kowace taya ta bi ta fili tsakanin waɗannan layuka. Idan ka sa mai karkata dabam, ko ka juya fuskarta, za ta riƙa gogar ƙullutun har ta cinye su, kuma bel ya ninka taya tsada sau da yawa.

Baban Khadija, Timmins

Na gode, Kawu, Allah ya ƙara girma. Na duba yanzu, lambar tsohuwar 6205 ce, ta sababbin kuma 6004, kamar yadda ka faɗa. Tayar da ba ta ɓare ba ta ba ni milimita 133, ke nan ta 135 ce. Boris ɗin kuma ya ɗan karkata, kuma gefen da zoben makulli yake, wato zoben ƙarfen da ke riƙe boris a cikin tayar, shi ne yake kallon waje. Gobe in Allah ya kai mu zan mayar da waɗancan.

Ɗan Damagaram, Saguenay

Sannu da aiki, Malam. Ni zan ɗauki tambaya ta biyu, domin wannan sanda ta taɓa cinye mini yini guda. Sandar alminiyam ce mai rami da haƙori a kowane baki, kuma masana'anta suna shafa wa notin gam kafin su ɗaure, shi ya sa da zarar gefe ɗaya ya saki babu abin da ke riƙe ta. Kada ka kama ta da filaya mai haƙori a wurin da boris yake zama, domin duk tabon da ka yi mata a nan zai hana sabuwar taya shiga daidai.

Ga yadda nake yi. Ka ɗauki notin da ya fita, ka wanke haƙoransa da burushin waya har tsohon gam ya fita sarai, ka ɗiga masa ɗan mai, ka mayar da shi ka ɗaure sosai. Yanzu sandar ta sake kamuwa da dogon. Sai ka koma ɗaya gefen da ya ƙi, ka kwance shi, domin yanzu wanda ka ɗaure ya riƙe sandar. Idan ya motsa, ka fitar da shi gaba ɗaya, ka wanke shi shi ma, ka mayar ka ɗaure kaɗan, sannan ka kwance na farkon, wanda yanzu ba zai yi gardama ba saboda man da ka sa. Wani lokaci sai an yi wannan kai da komowa sau biyu ko uku. Idan kana da bindigar kwance noti, bugunta na farat ɗaya yakan fizge shi kafin sandar ta samu damar juyawa. Idan duk ya ƙi, ka ɗan gasa kan notin da wuta domin zafi yana kashe gam, amma ka nisanta harshen wutar daga robar sulɓi, wato robar da ke ƙarƙashin dogayen wadda bel yake sulɓi a kanta, da bel da kuma shakazoba, wanda yake da iskar gas a matse a cikinsa.

Kafin ka taɓa kowace sanda da ke kusa da manyan sifirin na baya, ka sauke dogon hannunsu daga inda ya dogara. Akwai ƙarfi a cikinsu ko da babur yana rataye, kuma idan suka kuɓuce suna iya karya yatsa.

Game da tambaya ta uku, ra'ayina shi ne duk wanda ya sayi babur na hannu bai san tarihin boris ɗinsa ba, to ya sauya su duka sau ɗaya ya huta. Tayar da robarta ke da lafiya ba sai an jefar ba, boris kaɗai za a sauya.

Maman Yusuf, Duluth

Assalamu alaikum. Na goyi bayan abin da ɗan'uwa na Saguenay ya faɗa a ƙarshe, kuma ina so in kawo dalilin da lissafi, domin mutane suna raina aikin da waɗannan ƙananan tayoyi suke yi. Taya mai faɗin milimita 135 kewayenta kusan santimita 42 da ɗigo 4 ne. Idan babur yana tafiyar kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta sa a hanyoyin ƙanƙara na lardin Ontario a Kanada inda Baban Khadija yake, wannan taya tana juyawa kusan sau 1,960 a minti ɗaya. A kilomita 70, iyakar hanyoyin lardin Kebek, tana kai wa kusan 2,750. Wanda ya buɗe wuta a kan daskararren tafki ya kai 100, tayar tana dab da 4,000. Duk wannan a cikin sanyin da ke daskarar da giris, ga ruwa, ga bugun ƙasa. Da boris ya yi zafi a tafiya sannan ya huce a gareji, yana jan danshi ta bakin murfinsa, sai babur ya kwana wata bakwai na bazara da damina a ajiye, ruwan ya zauna a kan ƙwallayen ya yi tsatsa. Wannan ne ya sa Baban Khadija bai ji komai ba bara, sai bana a fitar farko. Lalacewar a ajiye ta faru.

Wajen sa sabon boris a cikin taya, ga abin da nake roƙon a kiyaye. Bayan an cire zoben makulli da filayarsa, an tura tsohon ya fita, a wanke gurbin a duba ko ya tsage ko ya buɗe. Idan sabon boris ya faɗa ciki da kansa babu matsi, tayar ta gama aiki. Idan gurbin yana da kyau, a sa boris ɗin a firiza na awa ɗaya, tayar kuma a ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, sannan a nemi soket wanda bakinsa ya yi daidai da zoben waje na boris, a matsa a hankali da bais. Kada a taɓa bugun zoben ciki yayin da ake shigar da shi cikin taya, domin ƙarfin bugun yana bi ta cikin ƙwallayen ya yi musu ƙananan ramuka a hanyarsu, kuma boris ɗin da aka yi wa haka ya fara mutuwa tun kafin ya taka dusa. A tabbata zoben makulli ya zauna cikin tsagarsa ko'ina.

Ni a kowace shekara, kafin in ajiye namu, nakan ɗaga murfin robar kowane boris da bakin allura, in wanke, in sa sabon giris mai jure sanyi da ruwa kimanin sulusin gurbin, in mayar da murfin. Da wannan suna yi mini shekaru.

Kawu Bakanike, Winnipeg

Hajiya, lissafinki ya yi kyau ƙwarai, kuma maganar bugun zoben ciki gaskiya ce da ya kamata kowa ya riƙe. Amma a kan buɗe murfi a sake giris, a nan muka rabu. Ke hannunki ya saba, kuma kina da haƙurin yi. Yawancin waɗanda suka kawo mini aiki bayan sun gwada haka, sai in tarar sun lanƙwasa murfin, domin a cikin robar akwai siririn ƙarfe, kuma da ya lanƙwashe ba ya sake zama daidai. Sun buɗe wa ruwa ƙofa da hannunsu ke nan. Wasu kuma su cika shi maƙil, da ya yi zafi giris ɗin ya ture murfin waje. Boris na kirki kuɗinsa bai kai na man tafiyar yini ɗaya ba. Ni shawarata ga mai koyo ita ce ya juya kowace taya da hannu a farkon sanyi da ƙarshensa, ya girgiza ta gefe da gefe, duk wadda ta yi ƙara ko ta yi rawa ya sauya. Kuma a lura, wadda take juyawa fir-fir ba tsayawa kamar kaɗi, ita ma ba lafiya ba ce, giris ɗinta ne ya ƙare. Mai lafiya tana juyawa shiru, da ɗan nauyi, ta tsaya da wuri.

Maman Yusuf, Duluth

Kawu, na karɓi wannan gyara a kan mai koyo. Sai dai ina nan a kan cewa lokacin dubawa mafi amfani shi ne ranar da za a ajiye babur, domin idan ruwa ya riga ya shiga, barinsa har zuwa Nuwamba shi ne ɓarnar. Ko da mutum ba zai buɗe murfi ba, ya ɗaga bayan babur ya bar bel ya ɗan zagaya bayan ya bushe, kuma ya daina nufar tayoyin da injin wanki mai matsin ruwa. Wanda yake jan babur ɗinsa a buɗaɗɗiyar tirela a kan titi mai gishiri, ya wanke ƙarƙashinsa da ruwa mai sauƙi duk dawowa.

Ɗan'uwanku a Rovaniemi

Gaisuwa ga kowa daga Finlan. Ina aiki a wurin da ake ba baƙi masu yawon buɗe ido hayar waɗannan babura, kuma a lokacin sanyi kusan kullum muna ƙarƙashinsu. Tun da Baban Khadija zai koma shago, ina ba shi shawara ya duba tayoyi masu ɗan girma fiye da na asali, misali 141 a madadin 135. Dalilina shi ne hanyoyinmu da safe sukan daskare su yi tauri, babu sako-sakon dusa da za ta shiga ta jiƙa robar sulɓin da ke ƙarƙashin dogayen, wadda masu shago suke kira Hyfax. Idan babu dusa, robar tana zafi, wani lokaci har ta narke ta manne da ƙarafan bel, kuma mahayi yakan ji warinta. Taya mai girma tana ɗan ɗage bel daga robar a wurin da ta fi ci, musamman a lanƙwasar gaba ta dogon. Mun gwada a wasu baburanmu, kuma robar ta fi daɗewa.

Maman Yusuf, Duluth

Ɗan'uwa, ban musanta abin da ka gani ba, amma akwai abin da ake biya a madadinsa, kuma ya kamata Baban Khadija ya san shi kafin ya zaɓa. Baburan farko, irin Ski-Doo da Joseph-Armand Bombardier ya fitar a garin Valcourt na Kanada a 1959, a kan jerin ƙananan tayoyi kaɗai bel ɗinsu yake tafiya. Da kamfanin Arctic Cat na nan jiharmu ta Minnesota a Amurka ya kawo tsarin dogo mai sulɓi a samfurin Panther na 1966, abin da ya sa ya karɓu shi ne yana shimfiɗa nauyin babur a kan doguwar roba maimakon 'yan wurare kaɗan. A tsarin yau, dogon ne mai ɗaukar nauyi, tayoyin mataimaka ne. Daga 135 zuwa 141 bambancin milimita 6 ne a faɗi, wato tayar za ta sauko ƙasa da milimita 3 fiye da da. Wannan yana nufin nauyin da dogon yake rabawa ya taru a kan boris guda biyu da kuma ɗan wurin da ke cikin bel. Idan bel ɗin yana da ƙusoshin kama ƙanƙara, kawunansu suna bi ta ƙarƙashin tayar sau dubbai, kuma su ne suke fara ɓare robarta. Robar sulɓi an yi ta ne domin ta ci, tana da arha, tana da layin da ke nuna iyakar cinta. Ban ga hikimar kare abu mai arha da abin da ya fi shi tsada ba.

Akwai kuma maganar wuri. Taya mai girma tana iya taɓa hannun gadon ƙasa ko sifirin idan babur ya dira da ƙarfi, abin da ba za a gani ba yana tsaye a gareji.

Ɗan'uwanku a Rovaniemi

Hajiya, gaskiya ne boris ɗin waɗannan wurare muna sauya shi da wuri fiye da sauran, ban ɓoye ba. Mu a wurinmu lissafin ya fi mana sauƙi, domin sauya taya minti goma ne, sauya robar sulɓi kuwa yana tsayar da babur rabin yini a lokacin da baƙi suke jira. Kuma baburanmu ba su da ƙusoshi, gudunsu kuma a hankali ne a jere. Ga mai babur ɗaya na kansa, na yarda lissafin zai iya bambanta.

Ɗan Damagaram, Saguenay

Ina ganin akwai hanya ta uku da ba ta taɓa girman taya. Ana sayar da wasu 'yan sandunan ƙarfe masu sifirin, ko na waya mai lanƙwasa, da ake ɗaurawa a gefen dogon. Idan aka sauke su suna karce ƙanƙara, su watsa garinta cikin bel, ya jiƙa robar sulɓi, ya kuma sanyaya faifan da ke ƙarƙashin wurin zama wanda ruwan injin yake bi ta cikinsa. Tun da na sa su ban sake jin warin roba ba. Abin kiyayewa kawai, masu sifirin mai tauri a ɗage su kafin a ja da baya, in ba haka ba su lanƙwashe. Baban Khadija, kafin ka yanke shawara, gaya mana ko bel ɗinka yana da ƙusoshi, kuma ka duba robar sulɓinka a lanƙwasar gaba.

Baban Khadija, Timmins

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Bel ɗina yana da ƙusoshi, mai shi na farko ne ya sa. Da na duba da fitila sai na ga kan ƙusa ɗaya ya ɗago sama da sauran a daidai layin da tayar da ta ɓare take bi, domin notinsa ya saki. Na ɗaure shi har kan ya nutse daidai da roba. Da ban duba ba, da sabuwar ma haka za ta ƙare. Saboda haka na tsaya a kan 135, na karɓo masu 6205 da karkata irin ta tsohuwar, na kuma sayi boris na sauran. Dabarar ɗan'uwa na Saguenay ta yi aiki a zagaye na biyu. Robar sulɓin da sauranta, ba ta kai layi ba.

Yanzu saura manyan tayoyin can baya, inda bel yake juyowa. Na kwance notin sandarsu amma tayoyin sun ƙi fita, bel ya matse su. Shin dole sai na sauke gadon ƙasa gaba ɗaya?

Kawu Bakanike, Winnipeg

Madalla da ka gano wannan ƙusa, domin ita ce ta kashe tayar tun farko. Ba dole ka sauke gadon ba. A bayan kowane dogo akwai dogon noti mai tura sandar baya, shi ne yake ɗame bel. Kafin ka taɓa su, ka ƙirga haƙoran da suka fito a kowanne ko ka auna ka rubuta, domin ka san inda za ka koma. Ka sassauta makullinsu, ka kwance su daidai wa daida, ka tura sandar gaba, bel zai yi sako-sako, tayoyin waje su fita da hannu. Idan akwai na ciki, sai an zare sandar, kuma a nan ka jera duk washa da bututun tazara a ƙasa yadda suka fito, ko ka ɗauki hoto, domin bututu ɗaya da aka sauya wa wuri yana karkatar da taya zuwa kan ƙullutun bel. Ka goge sandar, ka shafa mata giris kaɗan domin kada alminiyam da ƙarfe su kama juna kafin baɗi.

Mayar da ɗamewar bel shi ne wurin da nake so ka fi nutsuwa, domin aikin da ka yi duka yana iya lalacewa a nan. Bel da aka ɗame da yawa yana jan tayoyin baya da ƙarfi, yana cin robar sulɓi, yana rage gudu, kuma sabon boris ɗinka ba zai kai ƙarshen sanyi ba. Wanda ya yi sako-sako kuma yana tsallake haƙoran gaba idan ka ba da wuta, za ka ji bugu kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Kowane samfuri da nasa awon a littafinsa: ana ɗaga baya, a rataya nauyin da aka faɗa a wurin da aka faɗa, a auna tazarar da ke tsakanin robar sulɓi da bel. A baburan da na fi taɓawa nauyin yana tsakanin kilo huɗu da rabi zuwa bakwai da ɗoriya, tazarar kuma tana kusa da santimita biyu da rabi zuwa uku da rabi, amma ka bi na littafinka, kada ka bi nawa. Ka auna gefe biyu.

Daga nan sai daidaita shi. Ka tayar da injin, ka bar bel ya zagaya a hankali kamar sau biyar, ka sake maƙura ka bar shi ya tsaya da kansa, kada ka taka birki domin birki yana karkatar da shi, sannan ka kashe injin. Ka duba tazarar da ke tsakanin ƙarafan jagora na bel da gefen robar sulɓi dama da hagu. Idan bel ya gudu hagu, ka ƙara ɗaure na hagu da rabin juyi, idan dama, na dama. Ka sake zagayawa ka sake dubawa har su yi daidai, sannan ka sake auna ɗamewar, ka kulle makullai, ka ɗaure notin sanda da sifana mai auna ƙarfi, da ɗigon shuɗin gam a haƙoransa.

Maman Yusuf, Duluth

Ƙari ɗaya a kan maganar Kawu, kuma ina roƙon kada a ɗauke shi da wasa. Lokacin da bel yake zagayawa a sama, kada kowa ya tsaya a bayansa, musamman yara, tun da naka yana da ƙusoshi, kuma wadda ta tsinke tana fita da ƙarfin gaske. Gefen baya na babur ya kasance a kan mariƙi mai ƙarfi, kada a dogara da igiya kaɗai. Ka cire sifana da duk abin da ka ajiye a cikin bel kafin ka tayar. Ƙofar gareji kuma ta kasance a buɗe gaba ɗaya, domin hayaƙin injin yana kisa a rufaffen ɗaki ba tare da mutum ya ji alama ba. Kada ka sa hannu cikin gadon ƙasa sai injin yana kashe kuma ka zare igiyar makullin, wadda idan an zare ta injin ba ya tashi.

Baban Khadija, Timmins

Alhamdu lillahi, an gama jiya da daddare. Littafina ya samu a cikin akwatin da ke bayan wurin zama, na bi awonsa, kuma sai na gano cewa bel ɗin a da ya ɗame fiye da yadda aka rubuta, domin da na mayar da notin inda na ƙirga tazarar ba ta kai ba, sai da na sassauta kusan juyi biyu a kowane gefe. Daidaitawa ta ɗauki zagaye huɗu. Yau da safe na yi tafiyar kilomita 30, gurnanin ya ɗauke. Na tsaya a hanya na kashe injin na cire safar hannu na taɓa tsakiyar kowace taya, duk suna da sanyi, sai ta baya ta hagu da na ji ta ɗan fi sauran ɗumi kaɗan. Kawu, wannan abin damuwa ne?

Kawu Bakanike, Winnipeg

Barka da arziki, Baban Khadija. Sabon boris yakan ɗan yi ɗumi a tafiyar farko kafin giris ɗinsa ya baje, amma tun da ita kaɗai ce, ka duba ta kafin fita ta gaba. Ka ɗaga baya, ka sassauta bel, ka juya ta da hannu. Idan tana da nauyi fiye da 'yar'uwarta ta dama, ka cire ta ka duba bututun tazarar da ke bayanta, domin idan ya juya ko washa ta yi faɗi, tana iya danne murfin roba ko zoben waje maimakon zoben ciki kaɗai. Idan tana juyawa daidai da ta dama, ka mayar, ka sake auna ɗamewar gefen hagu, ka kuma sake duba notin sandunan nan da ka kwance, domin sukan ɗan zauna bayan tafiyar farko. Ka rubuto mana abin da ka gani.